Labari Ya Riga Igwa Isa Kano

Duk yaron da ya zauna ajin tarihi ya san ran 3 ga watan Fabrairu, 1903, Turawa suka ci birnin Kano. In ka tambaye shi da me suka ci shi, sai ya ce maka da igwa da bindiga mai ruwa. Amsarsa daidai ce, amma da saura. Igwa ba ta da ido. Ba ta san hanyar Bebeji ba, ba ta san inda rijiya ta ke ba, ba ta kuwa san garin da za a sami dawar da za a ciyad da masu ɗaukarta ba. Kafin ta taso daga Zariya, sai da waɗansu mutane suka yi shekaru suna tafe suna kallo, suna tambaya, suna kai labari ana rubutawa. A ɗaya gefen kuma Sarkin Kano yana da nasa masu kawo masa labari, Sarkin Musulmi ma haka. Wannan yaƙi na ido da kunne shi mu ke so mu duba yau, gama a cikinsa akwai abin da zai amfani malamin makaranta da malamin ofis, waɗanda aikinsu kullum shi ne karɓar labari da miƙa shi gaba.

Za mu hango al'amarin daga yammacin ƙasar Kano, wajen Ƙaraye da Rogo, domin mutanen bakin iyaka su ne su kan riga kowa jin motsin abokan gaba, su ne kuma su kan riga kowa shan wuya in labari ya makara.

ƘASAR BAKIN IYAKA

Ruwan Bago gari ne a ƙasar Rogo, Rogo kuwa a zamanin En'e cikin gundumar Ƙaraye ta ke. In ka buɗe taswira za ka ga a wannan yanki ne Kano da Katsina da Zazzau suka haɗa kai, kamar duwatsun murhu. Kudu da ƙasar Rogo Zazzau ce, wajen Maƙarfi. Yamma da ita Katsina ce, wajen Ɗanja da Kafur. Gabas kuwa ga Kiru, gaba da ita ga Bebeji, inda tsohuwar hanyar fatake ta Zariya zuwa Kano ta ratsa.

Tun kafin jihadi wannan yanki ya san ƙurar dawaki. Littafin Tarihin Kano ya nuna a zamanin Sarki Muhammadu Nazaki, wanda ya yi sarauta daga 1618 zuwa 1623, Kanawa sun kara da Katsinawa a Ƙaraye, suka rinjaye su. Bayan wannan Wambai Giwa ya tare a Ƙaraye yana ta fafatawa da Katsinawa, har ƙarfinsa ya kai aka ji tsoron kada ya yi tawaye, aka tuɓe shi a zamanin Kutumbi. Babban basarake irin Wambai ba ya barin birni ya tare a bakin iyaka don shan iska. Ƙaraye ita ce ƙofar Kano ta yamma, wanda ya riƙe ta shi ke fara sanin abin da Katsina ke shiri.

Bayan jihadi, sarakunan Katsina da aka kora suka kafa Maraɗi. Mayaƙansu su kan biyo dajin yammacin Katsina su faɗo wa kudancin Katsina da yammacin Kano da arewacin Zazzau. Daga kudu maso gabas kuma ga Ningawa. Saboda irin wannan ne Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya yi mulki daga 1817 zuwa 1837, ya ƙarfafa kafa ribaɗi, watau gari mai ganuwa a bakin iyaka, da mahaya zaune a cikinsa. Sarakunan Kano, tun daga Ibrahim Dabo, suka bi wannan tafarki. Aikin ribaɗi na farko tsaro ne da aika manzo. Mahara da sauri su ke aiki: su kwana a daji, su faɗa wa ƙauye da asuba, kafin hantsi sun kora mutane da shanu sun yi gaba. Ƙauyen da ya sami labari ko da rabin yini ne kafin su iso, ya kan kwashe iyali da dabbobi ya shige ganuwa. Wanda bai samu ba kuwa, sai dai a zo a tarad da toka.

YADDA A KE KARANTA SAWUN RUNDUNA

Magabata suna kiran mai aikin leƙen asiri magewayi. Amma ba shi kaɗai ke kawo labari ba. Madugu da jagabansa sun san kowane zango da kowace rijiya daga Kano har Gwanja. Mai masauki a birni yana jin abin da baƙinsa suka baro a hanya. Makiyayi ya san dajin da aka ratsa da dare, maharbi ya san inda namun daji suka firgita. Sarkin ƙofa yana ganin mai shiga da mai fita. Duk waɗannan kunnuwan sarki ne, in ya san yadda zai saurare su.

To, me magewayin kirki ke nema? Sarkin yaƙi yana iya ɓoye nufinsa, har ya sa a yi shelar gabas alhali yamma ya dosa, gama yaƙi ɗan zamba ne. Abin da ba ya iya ɓoyewa shi ne cikin mutanensa da na dawakinsa. Mu ɗauki misali irin na allon lissafi. A ce mudu ɗaya na hatsi ya ishi mutum biyu yini guda. Rundunar mutum 2,000 tana bukatar mudu 1,000 kullum, tafiyar kwana goma mudu 10,000 ke nan, ban da na dawaki, ban da ruwa. Wannan hatsi dole a saye shi ko a ƙwace shi, dole a ɗora shi a kan jakai ko kawunan mutane, dole kuma a bi hanyar da ke da ruwa. Saboda haka in hatsi ya yi tsada ba lokacinsa ba, in ana tara jakai, in maƙera sun ajiye fartanya sun koma ƙirar mashi, in ana yashe rijiyoyi a hanyar da ayari ba ya bi, mai hankali ya san ruwa ba ya tsami banza. In kuwa ya tarad da sansanin da aka tashi, sai ya ƙidaya murhu da turakun dawaki, ya taɓa toka ya ji ko da sauran ɗumi.

Wannan ilmi yana da asali mai daraja. A shekara ta biyu bayan Hijira, watau 624, gab da yaƙin Badar, sahabbai suka kama waɗansu masu ɗebo wa Ƙuraishawa ruwa. Aka tambaye su yawan rundunar, suka kasa faɗa. Sai Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tambaye su raƙuma nawa a ke yankawa kullum. Suka ce wata rana tara, wata rana goma. Daga nan ya ƙiyasta mutanen tsakanin 900 da 1,000 ne, haka kuwa aka tarar. A wancan gefe Abu Sufyan, madugun ayarin Makka, ya iso bakin rijiya ya fasa kashin raƙuman da suka riga shi, ya ga ƙwallon dabino irin abincin raƙuman Madina. Nan take ya gane an gewaye shi, ya karkata ayarinsa ta bakin teku ya tsira. Kun ga dukansu biyu daga abinci suka karanta asirin juna.

A nan gida kuma, Shehu Magili, wanda ya zo Kano a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wajen 1492, ya rubuta wa sarkin littafin nasiha a kan mulki. A ciki ya hore shi da ya riƙa sanin halin maƙiyansa ta hannun amintattun magewaya, ana yaƙi ko ana zaman lafiya. Ashe sarakunanmu ba baƙin wannan aiki ba ne sa'ad da Turawa suka zo.

IDON TURAWA

Ran 1 ga Janairu, 1900, Gwamna Lugga ya yi shela a Lakwaja cewa ƙasar Arewa ta shiga hannun Ingila. A ran nan mafi yawan ƙasar ba ta ma san ana yi ba. Amma shi yana da abu guda a akwatinsa wanda ya fi bindiga tsufa, watau rubutun matafiya. Kyaftin Clapperton ya zo Kano a 1824. Dokta Barth, wanda a nan aka sani da Abdulkarim, ya shigo a Fabrairun 1851, ya zana fasalin birnin, ya rubuta hanyoyin da fatake suka ba shi labari zango zango. Robinson, mai ƙamus ɗin Hausa, ya zauna a birnin a ƙarshen 1894 da farkon 1895. A 1900 Bishop Tugwell da Likita Mila suka iso, Sarkin Kano Alu bai yarda da su ba, ya ba su 'yan kwanaki su fice. Ko wace niyya ce ta kawo kowannensu, abin da suka gani ya shiga takarda, takarda kuwa ba ta mantuwa.

Sa'an nan ga 'yan ƙasa. Hausawa sun ce da ɗan gari a kan ci gari. Turawa sun ɗauki tafintoci da jakadu waɗanda ke shiga fada su kai wasiƙa, su fito da abin da idonsu ya gani. Wanda ya fi shahara cikinsu shi ne Adamu Jakada, wanda rahotannin da ya kawo tsakanin 1899 da 1901 a kan halin da sarakunan Arewa ke ciki an rubuta su, har masana sun buga su daga baya. Sojan Turawan ma da yawansu masu jin Hausa ne. Daga 1902 kuma, da aka ajiye soja a Zariya tare da Razdan Kyaftin Abadie, wanda a ke kira Mai Jimina, sai ya zama duk ayarin da ya fito Kano ya nufi kudu ta gabansu zai wuce.

Abin da ya bambanta aikinsu shi ne inda labari ke taruwa. Abin da falke ya faɗa a Zariya, da abin da jakada ya faɗa a Bida, da abin da Barth ya rubuta shekara hamsin baya, duk a ofis ɗaya su ke haɗuwa, a Zungeru. A gwada wannan da wancan, a zuba bisa taswira, a ce daga nan zuwa can mil kaza ne, akwai ruwa ko babu.

IDON SARAKUNA

Kada wani ya zaci sarakunanmu barci su ke yi. Da Turawa suka shiga Sakkwato a 1903, sun sami tarin wasiƙu na Larabci a gidan Waziri Buhari. Wani Bature, Backwell, ya fassara su aka buga a Ikko a 1927. Mai karanta su zai ga sarakuna suna ta aiko da labarin motsin Nasara, inda suka sauka da abin da suka aikata. Lamiɗon Adamawa Zubairu, bayan an ci Yola a 1901, ya rubuto yana gargaɗi. Sarkin Kano Alu kuwa ya rubuta wa Waziri cewa shi bai ga wata dabara da ta fi wa Musulmi amfani ba kamar su tashi su yi hijira gaba ɗaya. Mutumin da ya ba da irin wannan shawara, lalle ya ji labarin igwa, ya kuma auna ta.

Hanyar da za su biyo ma an san ta. Sarki Alu ya sa an gyara ganuwar Kano da ƙofofinta, garuruwan da ke kan hanyar Zariya kuma suka ɗaga nasu garun. Su kansu Turawan sun rubuta cewa sun tarad da gyaran sabo ne. Inda aka sami cikas shi ne wajen yanke shawara. A Sakkwato ra'ayi ya rabu uku: waɗansu na cewa a yi yaƙi, waɗansu a nemi sulhu, waɗansu a yi hijira. Ana cikin haka Sarkin Musulmi Abdurrahman ya rasu a Oktoban 1902, aka naɗa Attahiru. Wasiƙa daga Kano zuwa Sakkwato sai ta yi kwanaki a kan doki, amsarta ma haka. Kowane sarki yana da labarin ƙasarsa, amma ba a sami wurin da aka tattara su duka aka ce ga abin da za a yi tare, ran kaza, a wuri kaza. Haka aka bi su ɗaya bayan ɗaya: Kwantagora da Bida da Yola a 1901, Bauci da Barno da Zariya a 1902.

HANYOYIN DA AKA TOSHE

Wannan jeri na garuruwa, in ka dube shi a taswira, za ka ga hanyoyin guzurin yaƙi ne a ke toshewa. Bindiga da albarushi ba a gonar Kano su ke tsirowa ba. Daga kudu ta ƙasar Nufe su ke shigowa, daga arewa kuma ta hamada, a hannun fataken Tarabulus. Tun 1890 ƙasashen Turai suka ƙulla yarjejeniya a Birasals ta hana sayar wa wannan sashe na Afirka bindigogin zamani. A 1899 Faransawa suka kama Damagaram, suka zauna a bakin hanyar hamada. Da aka ci Bida, hanyar kudu ta rufe. Da aka zauna a Zariya kuwa, sai maƙiyi ya zo bakin ƙofa.

Su ma Turawan tasu hanyar doguwa ce, siririya kamar zaren gizo. Harsashi da ƙwanson igwa daga Ingila su ke zuwa, jirgin ruwa ya hau Kwara da su, ya shiga kogin Kaduna, daga nan 'yan alaro su ɗauka a ka har Zariya, daga Zariya har Kano. Wannan kashi na ƙarshe ya bi ta gefen Kiru da Bebeji, ƙasar da mahayan yammacin Kano suka sani kamar yunwar cikinsu. Amma ba a sami rundunar da aka ce ta zauna a kan wannan hanya ta hana 'yan alaro wucewa ba. Dabarar da aka dogara gare ta ita ce ta tsare ganuwa, wadda ta yi magani a kan Maraɗi da Ningi da Damagaram. Ita ce kuwa dabarar da igwa ta fi so.

KWANA SHIDA DAGA ZARIYA

Ran 3 ga Oktoba, 1902, Magajin Keffi Ɗan Yamusa ya kashe Razdan Kyaftin Moloney, ya gudu Kano, Sarki Alu ya karɓe shi da girmamawa. Sai kuma labari ya riƙa zuwa wa Lugga cewa Kano na shirin faɗa wa sojan da ke Zariya. Da waɗannan biyu ya kafa hujjar yaƙi. Masana tarihi da yawa suna ganin ya zuzuta labarin na biyu, domin ya dace da abin da ya riga ya ƙudura. Wannan ita ce cutar da ta fi kama masu karɓar rahoto: kunne ya kan fi buɗewa ga abin da zuciya ke so.

Ran 29 ga Janairu, 1903, Kanar Morland ya tashi daga Zariya da soja 722, da Turawa hafsoshi 24, da igwa huɗu, da bindiga mai ruwa huɗu. Ran 1 ga Fabrairu suka iso Bebeji, aka hana su shiga, suka fasa ƙofa da igwa, sarkin garin ya rasu a wurin. Labarin Bebeji ya riga su yin gaba, garuruwan da suka rage a hanya ba su tsaya musu ba. Ran 3 ga wata suka tsaya a bayan ganuwar Kano. Suka fara gwada Ƙofar Dukawuya, igwa ba ta yi mata kome ba, suka matsa zuwa Ƙofar Kabuga, ta nan suka sami shiga. Sarkin Shanu, wanda ke cikin waɗanda aka bar wa tsaron gari, ya tsaya a gidan sarki har aka kashe shi.

Ga wani abin mamaki. Rahoton Lugga ya nuna sai da aka shiga birnin aka tabbatar Sarki Alu ba ya nan. Tun ran 2 ga Janairu ya tafi Sakkwato da mahaya masu yawa, don ya yi wa sabon Sarkin Musulmi mubaya'a. Wata guda cur ke nan. Mutanen da suka san tsawon ganuwa da zangunan hanya, sai ga shi ba su riƙe tabbacin inda sarkin da suka zo yaƙa ya ke ba. Shi kuma sarkin ya bar garinsa a daidai watan da maƙiyi ke ɗaure kaya a Zariya. Kowane gefe da irin duhunsa. Rashin sani ya fi dare duhu.

KWATARKWASHI

Labarin faɗuwar Kano ya tarad da Sarki Alu a ƙasar Zamfara, yana kan hanyar komowa. Daga nan ya rabu da rundunarsa ya yi arewa, inda aka kama shi a ƙasar Gobir. Aka kai shi Yola, daga baya Lakwaja, can ya rasu a 1926. Rundunar ta rabu biyu. Wambai Abbas ya koma Kano da nasa mutane, shi ne aka naɗa sarki a Afrilun 1903. Waziri Ahmadu kuwa ya zaɓi yaƙi.

Turawa sun san akwai babbar runduna a wani wuri tsakanin Kano da Sakkwato, amma a ina? Sai suka baza ƙananan ƙungiyoyin sojan doki su nemo ta. A ƙarshen Fabrairu ɗaya daga cikinsu, mutum 44 ƙarƙashin Laftanan Wright da wani hafsa guda, ta yi kiciɓis da mutanen Waziri kusa da Kwatarkwashi. Bisa lissafin Turawa, mahaya 1,000 ne da dakaru 2,000. Sojan suka sauka suka yi sahu mai kusurwa huɗu, mahayan Kano suka yi ta kawo sukuwa har wajen sa'a biyu, ba su karya shi ba. Waziri Ahmadu ya yi shahada a wurin, tare da manyan mutane da dama. Jaruntaka ba ta gaza ba ran nan. Wanda ya ƙidaya kawuna ya ce mutum arba'in da 'yan kai ne, gaskiya ya faɗa. Amma ƙidayar da ta dace ita ce ta harsashin da waɗannan arba'in ke iya zubarwa kafin doki ya iso gare su. Ran 15 ga Maris aka ci Sakkwato, ran 27 ga Yuli Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada a Burmi.

DAGA BAMA ZUWA ZAMANINMU

Bayan shekara arba'in, 'ya'ya da jikokin mutanen nan suka ga wannan darasi a wata ƙasa. A yaƙin duniya na biyu, runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma sun yi yaƙi a Bama, da 'yan Arewa masu yawa a cikinsu. A kwarin Kaladan, a 1944, ta jirgin sama a ke jefa wa runduna ta 81 abinci da harsashi, domin ba hanyar mota. A wannan shekara kuma bataliya uku ta sojan Nijeriya suka shiga cikin rundunar Janar Wingate, wadda aka sauke a bayan sojan Japan don ta datse hanyar jirgin ƙasa da ke kai musu kaya. Su kuwa Japanawa, da suka tasam ma Imphal da Kohima a Maris na 1944, guzurin wajen mako uku suka ɗauko, da zaton za su ci na maƙiyi. Ba su samu ba. Yunwa da cuta suka yi musu mummunar ɓarna a kan hanyar komawa.

A zamaninmu ma maganar ba ta sake ba. Da ɓarnar 'yan bindigar daji ta yi tsanani, a Satumban 2021 gwamnatocin Zamfara da Katsina sun rufe waɗansu kasuwannin mako, sun hana sayad da man fetur a jarka, aka kuma katse wayar salula a wurare da yawa, daga baya aka sassauta. Ko an yaba wannan mataki ko an kushe shi, gama talakawa sun sha wuyarsa, manufarsa ita ce ta dā: a raba maƙiyi da guzurinsa da masu kai masa labari.

ABIN DA YA RAGE GARE MU

Malamin ofis da ke rubuta yawan mutanen ƙauye ko buhunan hatsin gunduma, da malamin makaranta da ke cika rajista, su ne suka gaji kujerar mai karɓar rahoto. Tarihin 1903 yana gaya musu cewa samun labari shi ne mafi sauƙi cikin aikin. Kano ta samu, Sakkwato ta samu, Zungeru ta samu. Wuyar tana wajen aunawa, da tattarawa wuri guda, da yin aiki da shi tun rana ba ta faɗi ba.

Saboda haka in an kawo maka magana, ka tambayi mai kawowa: da idonka ka gani, ko ji ka yi? Gani ya kori ji. Ka nemi adadi da rana da wuri, kada ka yarda da “suna da yawa” ko “kwanan baya”. Ka gwada maganarsa da ta wani wanda ba su haɗa baki ba. In ka tashi miƙa ta sama, ka miƙa ta yadda ta ke, ko da ba za ta yi wa shugabanka daɗi ba, gama rahoton da aka sa wa zuma ya fi rashin rahoto haɗari. Wannan ya fi ƙarfi in maganar zargi ce. A lokacin tsoro abu ne mai sauƙi a nuna maƙwabci a ce shi ke kai wa ɓarayi labari, alhali tsohuwar gaba ce ta gona ko ta aure. Alƙur'ani mai girma, a cikin Suratul Hujurati, ya umurce mu da bincika labari kafin mu yi aiki da shi, don kada mu cuci mutane cikin jahilci mu koma muna nadama.

Ga malaman makarantun Ƙaraye da Rogo da Ruwan Bago kuwa, ga aiki a bakin ƙofarku. Ku fita da yara ku nemi kufan ganuwa da tsofaffin rijiyoyi da hanyoyin da fatake suka bi. Ku sa su tambayi dattawa abin da suka ji daga kakanninsu, gama kunne ya girmi kaka. Su rubuta wanda ya faɗa, da wanda shi ya ji daga gare shi, su auna nisan da ƙafa, su zana taswira. Yaron da ya koyi rarrabe abin da aka gani da abin da aka ji, ya koyi tarihi, ya koyi lissafi, ya kuma koyi abin da zai tsare garinsa da shi wata rana.

Allah ya jiƙan magabatanmu, ya zaunad da ƙasarmu lafiya, amin.